Su wa za su adana wa ƙasar Bakalori takardunta?

Talata Mafara da Bakura da Maradun kowace da sarautarta, ga Sarkin Mafara, ga Sarkin Burmi, ga Sarkin Kaya, amma ruwa ɗaya ne ya ɗaure su wuri guda. Madatsar Bakalori, wadda aka tare Gulbin Sakkwato da ita a ƙasar Maradun, aka kammala gininta a 1978, ita ce ke shayar da gonakin rani na ƙananan hukumomin nan uku. A wannan yanki kuma akwai manyan makarantu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Talata Mafara, wadda aka kafa a 1992 zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim na tsohuwar Jihar Sakkwato, daga baya aka sa mata sunan marigayi Injiniya Abdu Gusau. Akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Sai kuma Jami'ar Jihar Zamfara da aka amince da kafa ta a Talata Mafara a 2018. Ƙa'ida ba ta yarda babbar makaranta ta tsaya ba tare da ɗakin karatu ba, wato laburare, kuma laburare ba ya tsayuwa sai da ma'aikata. A kan waɗannan ma'aikata nake son in yi magana, da kuma wani aiki da nake ganin babu mai iya yi wa wannan ƙasa shi in ba su ba.

Mafi yawan mutane, har da masu digiri, abin da suka ɗauka shi ne ma'aikacin laburare mai gadin littattafai ne: ya buɗe ƙofa da safe, ya hana surutu, ya duba jakar mai fita, ya rufe da yamma. Dalilin wannan kallo a fili yake. Aikin likita ana ganinsa a jikin majiyyaci, na injiniya ana ganinsa a gada, amma na ma'aikacin laburare in ya yi kyau ɓacewa yake yi. Ɗalibi ya shigo, ya nufi kanta, ya miƙa hannu ya zaro littafin da yake nema cikin minti biyu, ya tafi yana ganin sa'a ce ya taka. Bai san wani ya zauna ya karanci littafin nan, ya yanke shawarar inda ya dace da shi a cikin dubban 'yan'uwansa, ya ba shi lamba, ya buga masa hatimi, ya shigar da shi rajista ba.

Wannan yanke shawara ba ƙaramin ilimi ba ne. Yawancin manyan makarantun Najeriya suna bin tsarin jera littattafai na laburaren majalisar dokokin Amurka, inda kowane fanni ke da harafinsa. Noma yana ƙarƙashin S, kiwon dabbobi SF, injiniyancin ruwa da madatsu TC, tattalin arzikin ƙasa da mallakar gona HD, tarihin Afirka kuwa DT. To a ce an kawo littafi a kan Bakalori. Ina za a sa shi? In marubucin ya fi ba da ƙarfi ga ginin madatsar da hanyoyin ruwa, TC ne gidansa. In rikicin diyya da rabon gonaki ya fi yawa a ciki, sai HD. In tarihi ne, DT. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya binne littafi shekara ashirin alhali yana nan a kan kanta, domin ɗalibin noma ba zai taɓa leƙa sashen tarihi neman maganar ban-ruwa ba. Mai gwaninta shi ne wanda zai ajiye littafin wuri guda, sannan ya yi masa ƙofofi da yawa a cikin kundin bincike, ta yadda duk ta inda mai nema ya biyo zai same shi.

Saboda haka ne aka mayar da aikin sana'a mai zaman kanta. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya ta kafu tun 1962. A 1963 wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa ta fuskar laburare, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da wannan fanni a Zariya, wanda ya yaye da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe ɗakunan karatu na Arewa. Dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa majalisar yi wa masu sana'ar rajista, LRCN. A tsarin manyan makarantunmu, shugaban laburare yana cikin manyan jami'ai, sahu ɗaya da magatakarda da ma'aji. A ranar yaye ɗalibai yana cikin jerin masu riguna, sai dai da wuya ka sami mutum biyar a cikin taron da suka san ko wane ne.

Akwai rana ɗaya da kowa ke tunawa da shi, ita ce ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma take da hedikwata a Kaduna, ita ke tantance kwalejojin kimiyya da fasaha da na aikin gona, NUC kuma ta jami'o'i. Duk tawagar da ta zo sai ta shiga laburare. Za ta duba littattafan kowane kwas da shekarun da aka buga su, da mujallun bincike, da kujeru, da kwamfutoci, da takardun shaidar ma'aikata. In laburare ya gaza, yana iya jan kwas ya faɗi, kuma ɗalibin da ya kammala babbar difloma a kwas marar amincewa ba shi da hanyar zuwa yi wa ƙasa hidima. Ke nan duk ɗan Mafara ko ɗan Bakura da ya sa kakin bautar ƙasa daga irin waɗannan makarantu, akwai gumin ma'aikatan laburare a cikin takardarsa, ko da bai taɓa gaishe su ba. Idan sakamako ya fito da kyau, shugabanni ake taya murna. Idan ya fito da muni, nan ne ake tambayar abin da mutanen laburare suke yi.

Ban manta ba, an daɗe ana zargin wasu makarantu a ƙasar nan da aron littattafai ranar tantancewa, baƙi na juya baya a mayar wa masu su. Inda duk aka yi haka, ba daga laburare shawarar ke fitowa ba, domin ba shi ke riƙe da asusu ba.

Maganar asusu kuwa ita ce gaɓar da ta fi ciwo. Abin da ke riƙe da ɗakunan karatu na manyan makarantun gwamnati a yau shi ne TETFund, wanda asalinsa dokar harajin ilimi ce ta 1993, aka sake masa fasali a 2011. Yana da kaso na musamman don bunƙasa laburare, kuma samun kuɗin yana buƙatar aikin takarda mai yawa: jerin littattafan da kowane sashe ke so, da farashi, da shaidar yadda aka kashe na baya. Ma'aikatan laburare ke wannan fama. Amma dokar 2011 ta taƙaita tallafin ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, shi ya sa kwalejojin aikin gona suka daɗe suna kukan an bar su a baya. Abin mamaki ne a jihar da take kirari da noma a ce makarantar koyon noma ce irin wadda doka ta fi mantawa da ita.

Na taɓa ganin abin da ya sa nake girmama mutanen nan, a laburaren wata kwaleji a wata jiha maƙwabciya. Wata ɗaliba ta zo wurin wani dattijon ma'aikaci, ta ce, "Baba, an ba ni bincike a kan tumatir, na duba ban ga komai ba." Bai tashi ya nufi kanta ba. Sai ya ce, "'Yata, tumatir ɗin me? Cutarsa, ko kasuwarsa, ko yadda yake ruɓewa a hanya?" Ta yi shiru, sannan ta ce mahaifinta manomin rani ne, kuma kowace shekara rabin kwandunansa ke lalacewa kafin su kai kasuwa. Ya ce, "To ga bincikenki nan, kin zo da shi daga gida." Ya haɗa ta da littafi biyu, da kundin wani ɗalibi da ya yi makamancin aikin shekarun baya, ya nuna mata yadda za ta rubuta sunan kowane marubuci da ta ɗauko maganarsa don kada ta ci haƙƙin wani. Duka bai fi minti goma sha biyar ba. Babu takardar ƙarin girma da ke da gurbin rubuta irin wannan, kuma shi ne tsantsar aikin.

Za a ce ai yanzu komai na cikin waya. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin iyakar wannan magana. A farkon watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni, a wasu wurare watanni, ba kira ba intanet. Shekarar ce aka sace 'yan matan Jangebe a ƙasar Mafara cikin watan Fabrairu, aka kai hari kwalejin Bakura cikin watan Agusta, inda aka kashe ɗan sanda da masu gadi aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, aka kuma kwashi ɗaliban makarantar Kaya ta ƙasar Maradun a ranar 1 ga Satumba. Duk mai neman wani bayani a wancan lokaci, abin da ke kan takarda ko abin da wani mai hangen nesa ya sauke ya adana a kwamfuta shi ne kawai ya rage masa. Ko a lokacin lafiya ma, abin da ke cikin waya kyauta ba shi ne mafi inganci ba. Manyan mujallun bincike na kuɗi ne. Akwai shirin AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da aka fara a 2003 don buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun noma, an kuma yi TEEAL na Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda aka tsara shi musamman don ya yi aiki ba tare da intanet ba. Irin waɗannan makaranta ce ke yin rajista, ba ɗalibi ba, kuma ma'aikacin laburare ne ke cika takardun, ya riƙe lambobin shiga, ya koya wa malamai da ɗalibai yadda ake nema.

Yanzu in koma kan Bakalori, domin nan ne nake ganin babban aikin yake jira.

A ce ɗalibin injiniyanci a Mafara, ko na noman rani a Bakura, yana son ya san yadda aka yi aikin da ke ƙofar gidansu. Tarihin yana da tsawo. Binciken FAO ne a shekarun 1960 ya share fagen tare gulbin. Kamfanin Impresit na Italiya ya yi ginin. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An tsara shayar da hekta 23,000, kaso mafi yawa ta hanyar injinan feshin ruwa, waɗanda daga baya suka tsaya saboda tsadar wuta da kayan gyara, aka bar manoma da abin da ke gangarowa ta magudanai. Ruwan ya ci gonaki da gidaje, aka tayar da mutane fiye da 10,000. Rigimar diyya da rabon gonaki ta kai ga manoma suka tare hanyoyin aikin, har a ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyukan yankin, ciki har da Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu suka ce sun haura 300. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu kaɗai ta isa ta nuna abin da rashin adana shaida ke jawowa.

To su wa suka rubuta wannan labari, kuma ina rubutun yake? Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar a Zariya, ya rubuta maƙala a kan manoman Bakalori da gwamnati da 'yan jari a tsakiyar shekarun 1980. William Adams na Jami'ar Kambirij ya bi fadamun da ke ƙasa da madatsar, ya nuna a 1985 yadda raguwar ambaliya ta sa manoma barin shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Rahotannin FAO suna Rum. Takardun shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 kuma Bakalori ke cikin wuraren da ya shafa, suna Washinton da Abuja. Hatta tarihin daular Zamfara da Kurt Krieger ya tattara, da Jamusanci aka buga shi a Balin a 1959. Wato ɗalibin da ke Ingila yana iya zama a kujerarsa ya karanta abin da ya faru a Birnin Tudu cikin sauƙin da jikan wanda abin ya faru da shi ba lalle ya samu ba. Wannan ba laifin Beckman ko Adams ba ne, sun yi nasu.

Abin da nake kira gare shi shi ne ɗakunan karatu na wannan yanki su haɗa kai su kafa sashe guda na musamman a kan Bakalori da ƙasar da ke kewaye da ita. Ba gini ake buƙata ba tukuna. Ɗaki ɗaya marar yoyo ya isa, da kantocin ƙarfe saboda gara, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da kwamfuta mai aiki da sola. Manhajar ma ba sai an saya ba: Koha, wadda ake tsara kundin littattafai da ita, da DSpace, wadda ake adana kundayen bincike a cikinta, duk kyauta ne, kuma jami'o'in Najeriya da dama suna amfani da su. Abin da ba ya sayuwa shi ne mutumin da ya san yadda ake rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima wasiƙar neman kwafin taswirorin magudanai, ya san wanda zai tuntuɓa a laburaren Kashim Ibrahim na Zariya ko na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, ko a Gidan Arewa na Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, sannan in takardun sun zo ya jera su yadda za a same su bayan ransa. Wannan mutum yana nan, ana biyansa albashi, kawai ba a taɓa tambayarsa ba ne.

Mafi arha kuma mafi daraja daga cikin abin da za a tara shi ne kundayen ɗalibai. Kowace shekara masu kammala karatu suna shiga gonaki da kasuwanni da rugage suna auna ƙasa, suna tambayar manoma, suna ƙirga dabbobi, su rubuta, su ɗaure da bango mai kauri, su miƙa. Na san da yawa daga cikinsu aikin gaggawa ne, wasu ma kwafe ne. Amma ko da ɗaya cikin goma ne mai kyau, in an tara na shekara talatin, babu wata cibiya a duniya da za ta fi wannan tari sanin yanayin ƙasar gonakin Bakalori da farashin shinkafa da cututtukan tumaki a wannan yanki. Na taɓa shiga wani ofishi a wata makaranta nesa da Zamfara na tarar da irin waɗannan kundaye jibge a ƙasa har gwiwa, na ƙasan duk gara ta mayar da su turɓaya. Babu mugun nufi a ciki, ba a dai miƙa su ga masu sana'ar adanawa ba ne. Amfani na biyu kuma, da zarar an sa kundaye a rumbun kwamfuta inda kowa zai gani, mai kwafe zai ji tsoro, malamin da ke raba wa ɗalibai batu ɗaya shekara da shekaru shi ma zai ji kunya.

Akwai kuma takardun gwamnati. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3, gwamnatin jiha 10, gwamnatin tarayya 25. Ko an bi dokar sau da ƙafa, can ake kai su, ba Mafara ba. Babu abin da zai hana majalisun ƙananan hukumomin nan uku su ɗora wa kansu kai kwafin kasafin kuɗi da rahotanninsu ga laburaren da ke kusa da su.

Ba takarda kaɗai ba. Wannan ƙasa ce ta Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru. Waƙoƙinsu cike suke da sunayen sarakuna da garuruwa da zuriyoyi, kuma da yawa suna kan kasa-kasai a akwatunan mutane, zafi da ƙura suna cinye su a hankali. Haka rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke gidajen malamai, a ƙasar da Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi kafin jihadi. Masu su ba za su bayar ba, kuma suna da gaskiya. Abin da ake yi a irin wannan shi ne a je gida da na'ura, a ɗauki hoto a gaban mai abu, a bar masa kayansa da kwafi a hannu. A halin tsaron da ake ciki, ajiye kwafi na biyu a Gusau ko Sakkwato wajibi ne. Mutanen Timbuktu sun ga haka a 2012, lokacin da Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka riƙa fitar da rubuce-rubucen garin cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako.

Ga shugabannin makarantu, abin da ya rage nasu kaɗan ne. Su daina mayar da laburare wurin jefa ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi. Su sa shi a sahun farko wajen rabon wuta, domin laburaren da ba fanka a watan Afrilu a Mafara babu mai zama cikinsa. Su tura ma'aikatan ƙaro ilimi kamar yadda ake tura malaman aji. A wajen ƙarin girma kuma su lissafa kundin da mutum ya tsara da tarin da ya kafa a matsayin aikin ilimi, ba maƙalun da ya buga kaɗai ba, domin tilasta wa kowa buga maƙala shi ke sa gwanin tsara littattafai ya bar teburinsa ya tafi neman mujallar da za ta karɓi kuɗinsa.

Ga ma'aikatan su kansu, akwai aiki guda da ba ya buƙatar jiran kasafi. Wayar hannu ta isa naɗar murya. Wanda yake ɗan shekara 20 a ranar da aka yi harbi a Birnin Tudu ya haura 60 yanzu, waɗanda suka yi noma a fadamun Maradun kafin ruwa ya rufe su kuwa sun girme shi. Da yawansu rashin tsaro ya riga ya taso su daga ƙauyukansu, suna zaune a cikin garin Mafara da Bakura, tafiyar 'yan mintuna a kan babur daga ƙofar laburare.